Warsito Mai Aski da Tsuntsunsa

Duk garin Klaten ba a yi mutum mai laushin baki a fili da baƙin ciki a ɓoye kamar Warsito mai aski ba. Tun yana saurayi ya gaji shagon ubansa a bakin kasuwa. Ya yi aure, matar ta rasu, 'ya'ya suka tafi Jakarta ba su waiwaye shi ba, kuma babu wanda ya ga laifinsu. Abin da ya rage masa shi ne tsuntsunsa mai waƙa, irin wanda ake kira murai, mai dogon bindi, mai suna Geledek, da rumfar gasa ta ranar Lahadi, inda ake rataye keji a jere, tsuntsaye na waƙa, alƙalai na zagawa da tutocin ba da maki. Nan kaɗai ake matsa masa a benci, a miƙo masa shayi. In aka raba shi da rumfar nan, an gama da shi.

Sai dai Geledek bai taɓa wuce na biyu ba. Kullum tsuntsun Mbah Paijan ne a gaba, wani tsoho mai sayar da tempe, wainar waken soya. Warsito zai rusuna ya yi masa murna, haƙora a waje, ya koma gida abinci ya ƙi wuce masa.

Sai ya shiga zauren masu tsuntsaye na Fesbuk da sunan ƙarya da hoton damisa. Tsakanin aski da aski yake tsiyarsa. Wani ya sa bidiyon tsuntsunsa, ya rubuta masa, "Wannan waƙa ce ko tari? Soye shi ka huta." In aka zage shi, har wani daɗi yake ji. Daga nan ya koma kan Mbah Paijan, ya ce ƙwaya tsohon yake ɗura wa tsuntsunsa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya fi kowa sani. Waɗanda ba su taɓa ganin tsohon ba suka yi masa caa, masu cewa ɓarawo, masu cewa a kore shi. Da aka karanta wa Mbah Paijan, kunya ta hana shi zuwa rumfa. A Lahadin nan Geledek ya zo na ɗaya, Warsito ya rungume kofin gasa yana cewa, "Kai, mutane ba su da tsoron Allah! Wa ya yi wa Mbah haka?"

Sarjono, ɗan tsohon, direban babbar mota ne, ba ya haɗiye raini. Ya rubuta a zauren, "Kai damisar ƙarya, in ka haifu ka buɗe baki ka faɗa mu ji."

Girman kai ya ja Warsito. Ya rufe shago, ya juya kyamarar waya ga bango don kada a gan shi, ya toshe baki da tawul, ya kumbura murya, ya zazzage zagi, ya tura. Geledek na rataye a bayansa yana ta waƙa, amma sabo ya sa kunnensa ya daina jin ta. Su kuwa masu tsuntsaye ba muryar mutum suka saurara ba. Murai yana kwaikwayon abin da ya saba ji, kuma a faɗin Klaten tsuntsu ɗaya ne ke rufe waƙarsa da ƙarar almakashin aski.

Babu wanda ya tanka a zauren. Warsito, don wauta, ya ɗauka ya rufe musu baki ne.

Ranar Lahadi ya iso da kejinsa, ya tarar rumfa cike, har Mbah Paijan ya dawo yana zaune.

"A'a, ga Damisa!" in ji Sarjono. "Ku ba shi hanya kada ya ciji wani."

"Malam Sarjono, wace irin magana ce wannan?"

"Ina tawul ɗin? Ka baro shi a shago?"

"Wallahi ni ban..."

"Kada ka rantse, munafiki. Tsuntsunka ya riga ya ba da shaida. Shi ya fi ka gaskiya."

Mbah Paijan ya ɗaga hannu, ko kallon Warsito bai yi ba. "Ku bar shi ya rataye," ya ce. "Na ɗaya yake so. Ku ba shi."

Warsito ya rataye kejin. Sai kowa ya miƙe ya sauke nasa, ya lulluɓe da zane, ya ɗaure a bayan babur. Alƙalai suka naɗe tutocinsu suka bi su. Har mai shayi ta kwashe kofunanta. Ba a ƙara ce masa uffan ba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo.

Murai a rumfa da abokin hamayya yake waƙa, sai ya ji wani ya tsokane shi yake buɗe baki. Geledek ya karkata kai yana jira. Warsito ya yi masa fito, ya tafa hannu, ya kira sunansa.

"Yi mana," ya ce. "Don Allah, ko kaɗan."

Tsuntsun ya dubi ƙugiyoyin da babu kowa a kansu, ya diro ƙasan keji, ya shiga tsattsagar abincinsa.