Tsiryar Kaka

A shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ƙanen babana ya dawo Cadawa daga fatauci da wani ɗan keji na kara a hannu. A ciki akwai tsirya, wato ƙaramin aku kore mai doguwar wutsiya da jan baki. Ya ce a wajen wani maharbi ya same ta a kan hanyar Jibiya, ƴar jaririya ce, ya kawo mana ne mu yara mu yi wasa. Ina da kamar shekara goma a lokacin, na riga kowa miƙa yatsa cikin kejin. Ta kama shi ta gatsa har jini ya fito.

Kakana, mahaifin babana, yana zaune a zaure yana tufkar igiyar rama. Mutum ne marar yawan magana, ga saurin fushi. Ya daina zuwa gona saboda ƙafa, amma ko daga zaure tsawarsa tana isa har madafa. Da ya ji kukana sai ya ce a kawo masa abin da ya cije ni. Ya buɗe kejin ya sa hannu, mu kuwa muka ja baya muna jiran ya murɗe mata wuya. Tsiryar ta dubi hannun da ido ɗaya, ta juya kai ta duba da ɗayan, sai ta taka ta hau. Ta bi hannun rigarsa har kafaɗa, ta zauna.

Ya ce, “To, baƙuwa, kin samu masauki ke nan?”

Daga ranar kowa ya san ta Kaka ce. Kejin ma bai daɗe ba, ta bi karan ɗaya bayan ɗaya ta ɓarje shi, Inna, wato kakata, ta hura wuta da ragowar. Aka kafa mata sanda a kusurwar zaure, amma sai in Kaka ya tafi masallaci take hawa.

Ban taɓa ganin ƙiwuya irin tata ba. In baƙo ya shigo zaure ya miƙa wa Kaka hannu, sai ta kumbura gashi, ƙwayar idonta ta tsuke, ta sauko da gudu ta tare. Abokansa suka koyi gaisawa daga nesa. Da sassafe da kuma in rana ta kusa faɗuwa takan yi ta tsala ihu, maƙwabta har sun saba. Ba ta barin komai lafiya: bakin tabarma, marfin ƙwarya, igiyar da Kaka ya wuni yana tufka. In an yi mata tsawa sai ta sunkuyar da kai ta miƙo ƙeya a sosa mata, kamar ba ita ba.

Wata rana bayan la'asar Kaka ya ajiye tasbaharsa a kan buzu. Tsohuwar tasbaha ce, mahaifinsa ya zo da ita daga ƙasar Katsina lokacin da suka ƙetaro suka sari daji a nan, ko Inna ba ta taɓa ta. Tsiryar ta lallaɓa ta datse zaren. Ƴaƴan tasbaha suka watse cikin rairayi. Ina tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Kaka ya dubi ƙasa, ya dubi tsiryar da ƙwaya ɗaya a bakinta tana jujjuya ta da harshe, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, har da hawaye. Inna ta leƙo daga cikin gida don ta ga ko lafiya.

Ya ce da ni, “Ajiye furar nan ki taya ni tsinta, kafin malamar ta haɗiye sauran.”

Ta iya kwaikwayo, amma abin da ta ga dama kawai. Babana ya yi ta fama ya koya mata sallama, ta ƙi. Abin da ta ɗauka shi ne usur ɗin mushen lakol, wato malamin makarantar boko. A watannin nan ana ta koya wa ƴan lakol maci saboda bikin mulkin kai, kullum sai sun bi ta ƙofar gidanmu da ƴan tutocinsu, mushe yana busa. Ba a jima ba ta iya busar tsaf. Wata safiya ta saki usur daga zaure, yaran layinmu suka bar kokonsu suka zuba a guje, suka tarar ko ƙofar lakol ba a buɗe ba. Mushen da kansa ya zo ganin mai yi masa kutse a aiki. Ta dube shi ta yi gum, ko uffan. Sai da ya juya ya kai bakin hanya ta busa masa.

Da kaka ta yi aka cire gyaɗa, idon Kaka ya matsa masa. Yana ganin mutum kamar inuwa. Babana ya samar masa wuri a kamyon, babbar motar da ke kai gyaɗa Maradi, don likita ya duba shi. Kafin ya hau ya kira ni.

Ya ce, “Ke zan bar wa amana. Na san ba kwa shiri, amma ke ce mai haƙurin gidan nan.”

Na ce, “Kaka, cizona za ta yi.”

Ya ce, “Za ta cije ki. Kada ki janye hannu da sauri, kada ki yi ihu. In kin yi ihu daɗi take ji.”

Bayan tafiyarsa zauren ya yi tsit. Ta daina ihun safe, ta daina usur. Ta koma kan sandarta ta juya wa ƙofa baya. Na zuba mata gero, ba ta ko kalla ba. Da kwanaki suka ja sai na fara ganin korayen gashi a ƙasa, ashe fige ƙirjinta take yi da kanta. Na ruga na gaya wa Inna ina kuka. Inna, wadda kullum take cewa tsuntsuwar nan ta ishe ta, ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya tana kallonta.

Ta ce, “Kewa ce. Ɗauko tsohuwar rigarsa ki yafa, ki zauna inda yake zama.”

Haka na yi. Na yafa rigar, na zauna a kan buzun da ƴar ramar da ban iya tufkawa ba, na ɓare gyaɗa na ɗora a gwiwa. Ranar farko ba ta motsa ba. Washegari ta sauko ta ɗauki gyaɗar ta gudu. Daga baya ta hau hannuna, ta kama fatar tsakanin yatsuna ta matsa. Na cije leɓe na yi shiru, hawaye na zuba. Ta saki, ta dube ni, ta sake kamawa a hankali, sannan ta haura kafaɗa. Nauyinta bai kai na ɗan tsako ba, ƙafafunta da ɗumi.

Daga nan muka shirya. Na gano tana son magarya fiye da gyaɗa, tana riƙe ta da ƙafa ɗaya tana ɓanɓare fatar. Na gano tana son wanka: in na zuba ruwa a kasko sai ta shiga ta baza fiffike ta jiƙa duk wanda ke kusa, ta fito a jiƙe kamar tsumma. Gashin ƙirjinta ya fara tsirowa.

Ranar da Kaka ya dawo, ido ɗaya a ɗaure da farin ƙyalle, ko ruwa bai sha ba ya nufi zaure yana kiranta. Na zaci za ta tashi ta faɗa masa. Ta dube shi, ta juya baya. Ya miƙa hannu, ta matsa can ƙarshen sanda. Ya zagaya, ta sake juyawa.

Inna ta ce, “Fushi take. Ka tafi ba sallama.”

Kaka ya zauna a ƙasan sandar, dattijon da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, ya yi ta lallashi ƙasa-ƙasa. Sai wajen azahar ta sauko, ta ja kunnensa sau ɗaya da ƙarfi, sannan ta shiga tsefe masa gemu.

Da ta ƙara girma wani baƙin zobe mai ratsin ja ya fito mata a wuya. Wani Bafulatani da ke kawo mana nono ya gani ya ce ai namiji ne, mace ba ta yin wannan zoben. Kaka ya ce ya ji, amma bakinsa ya riga ya saba. Muka ci gaba da cewa ita.

Kaka ya rasu bayan wasu shekaru. Da aka kai ni gidan miji a Gangara, babana ya ce in tafi da ita tunda ba wanda take yarda da shi sai ni. Mijina ya sha cizo a shekarar farko, har ya riƙa shigowa ɗaki da hula a kan kunnuwa. Bai taɓa korarta ba. In ya dawo kasuwa sai ya ajiye mata ɗan rake a bakin taga ya wuce. Wata rana na fito daga madafa na tarar da shi yana gyaran sirdin jaki, tana zaune a kansa tana warware zaren hular. Ya ɗaga mini hannu a hankali, wai kada in yi motsi in kore ta.