Takardun Madam Ruƙayya a Hannun Mai Ƙosai

Shekara talatin da ɗaya Madam Ruƙayya ta yi tana koyar da Faransanci a kolej, kuma safiyarta ba ta taɓa canzawa ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta a Dogon Dutsi, ta jawo tulin kayen 'yan ajinta, wato littattafan rubutunsu, da jan bik na gyara, ta yi ta dubawa har lokacin tafiya lakwal koyarwa. Yara tamanin ne a aji, amma ba ta taɓa zana maki kawai ta rufe kaye ba. Kowa sai ya tarar da magana a gefen shafinsa.

In yaro ya sa wa rubutunsa suna "Garinmu", sai ta mayar masa, ta ce kowa yana da gari, ya nemo sunan da zai tsayar da mutum ya karanta. In ya cusa zance biyar wuri guda, ta tambaye shi ko a gidansu haka ake zuba gero da wake a rumbu ɗaya. Kowane zance da nasa sakin layi.

Ma'u, tsohuwar ɗalibarta wadda yanzu take aiki a gidan rediyo, tana ba da labarin ranar da ta rubuta cewa gashin kakarta fari ne kamar ƙanƙarar Turai. Madam ta kira ta gefe.

"Ɗiyata, ina kika taɓa ganin ƙanƙarar nan? Rubuto min abin da idonki ya gani."

Washegari Ma'u ta kawo: fari kamar audugar da tsohuwar take kaɗi da ita.

Wata rana wani sufeto ya shigo aji ya tarar tana yi wa yara irin wannan bayani da Hausa. Ya rubuta cewa tana ɓata musu Faransanci. Aka tura ta wani ƙauye bayan Ɗan Kassari, shekara shida a ajin da aka kewaye da zana, waɗanda suka fara aiki bayanta suka zama shugabanninta. Ba ta kai kuka ko'ina ba.

Abu ɗaya ta riƙe. Kowace shekara takan zaɓi rubutu goma mafi kyau ta adana. Bara, da idonta ya raunana ta ajiye aiki, sai ta bar su duka a kabad ɗin makaranta don sababbin malamai su riƙa nuna wa yara.

Bayan wata biyu Ma'u ta sayi ƙosai a tasha, aka naɗe mata a takarda mai jan rubutu a gefe. Nan take ta gane hannun. Mai ƙosai ta ce mai gadin makaranta ne ya ba ta, sabon direkta ya sa a kwashe tarkacen kabad. Shafi goma sha bakwai suka rage, duk mai ya jiƙa su.

Da Ma'u ta karɓo su ta kai wa Madam, sai Madam ta kara takarda ɗaya a fuskarta, ta kasa gani. Ta ce a karanta mata sunan rubutun. Da ta ji sai ta ce, "Na Nasiruddeen ne, ɗan Matankari. Sau huɗu ya sake sunan nan kafin in karɓa." Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin tabarma.

Madam, ke ce kika koya wa ɗiyan Arewa cewa abin da ke tsakar gidansu ya isa a rubuta. Ke ce aka hukunta kan aikin da ya kamata a gode miki. Ranar sallamarki ba wanda ya tashi ya yi jawabi, har da mu da muka ci moriyarki. Mun makara, Madam, amma mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki haske.

Malaman da ke aji yau, ku karanta abin da yara suka rubuta kafin ku ba da maki. Ku kuma da kuka zauna a gabanta, tana nan da ranta, gidanta bai canza ba. Ku je ku karanta mata wani abu da kuka rubuta. Za ta gyara muku.