Babbar Na'urarmu Ta Ƙone, Ba Mu Sani Ba

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau!

Da safe wata tsohuwa daga Gangara ta zo buronmu, wato ofishinmu na Gazawa, neman takardar haihuwar jikarta, don yau lakol, wato makaranta, ke rufe rajistar jarrabawa. Na leƙa ɗakin babbar na'urar da ke ajiye takardunmu duka. A ƙone take! Ashe maigadi ne ya yayyafa ruwa don ɗakin ya yi sanyi, ruwan ya shiga cikinta.

"Tun Litinin take haka, Mushe," in ji shi, wato Yallaɓai da Faransanci.

Litinin? Alhali muna ta aiki! Na danna kwamfutar teburina, sai ga takardar. Ina jin na'urarmu ta biyu da ke garin Agiye, mai kwafar komai, ita ta karɓi aikin shiru. Ikon Allah!

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, kallon me kake? Buga mini in tafi!"