Yadda Na Tsinke Zaren Danginmu a Cikin Kwamfuta

A shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Taraba, ni saurayi ne da ya gama difloma a fannin kwamfuta, aka ɗauke ni aiki a wani ofis a Jalingo. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, ni kaɗai ke taɓa ta, kuma hakan ya sa na ɗauki kaina fiye da yadda nake.

A unguwar Majidaɗi akwai Goggo, yayar mahaifina, wadda duk asalin danginmu ke kanta. Mu masu auren zumunta ne, kuma kowane jariri sunan wani kaka ake mayar masa, don haka sunaye kaɗan ne ke yawo a cikinmu. Ita kaɗai ta san wane ne ɗan wane. Da jikinta ya fara rauni, na ce mata zan zuba abin da ta sani a cikin na'ura. Ta yi dariya ta ce in dai akwatin ba ya gulma, ta yarda. Na riƙa zuwa bayan la'asar, tana faɗa ina rubutawa a 'yan takardu. Sunan marigayi mijinta kawai take tsallakewa, sai ta ce wancan mutumin, ni in cike. Washegari in shigar, in yar da takardar.

Tsarin da na rubuta ya haɗa kowa da uwarsa da ubansa da wanda ya aura. Matsalar ta fito ranar da na fara adanawa a faifai. Na'urar ta rubuta miji, ta bi zuwa matarsa, matar ta mayar da ita ga mijin, haka ta yi ta zagaye har ta sandare. Sai na yi dabara: in ta sake cin karo da wanda ta riga ta rubuta, ta sa sunansa kawai ta wuce. Wata mata daga wata ma'aikata, wadda ta fi ni daɗewa a aikin, ta ga abin da na yi. Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce suna bai isa ba, in ba kowa lambarsa, in rubuta mutum sau ɗaya, sannan in ɗaure dangantakar da lambobin. Na ce to, Madam, amma ban yi ba, domin a idona abin yana aiki. Ban san cewa duk lokacin da na sake buɗe faifan, na'urar tana liƙa kowane suna ga mutumin farko da ta samu mai irinsa ba.

Goggo ta rasu da damina. Ranar sadakar arba'in, Baffa, ƙanen mahaifina, ya ce in kawo abin da muka tara a karanta wa yara. Na buga na kawo ban duba ba. Ya fara karantawa a tsakar gida, sai ya dakata. Takardar ta aurar da Goggo ga kakanta, domin sunansa mijinta ya ci. Ta ba wani da ya mutu tun da daɗewa 'ya'yan da aka haifa bayansa. Baffa bai yi faɗa ba. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce sunayen duk namu ne, amma mutanen ba mu ba ne.

Na gyara na kusa da abin da Baffa ya tuna. Na nesa kuwa, babu sauran mai sani.

Ina roƙon duk mai irin aikina: abubuwan da ke nuna juna, a ba kowanne lambarsa, kuma a buɗe abin da aka adana a karanta wa mai ilimin tun yana da rai. Da na karanta wa Goggo layi ɗaya, da ta tsayar da ni. Yanzu 'yata takan tambaye ni 'yar wace ce uwar kakanmu. Nakan ce mata an faɗa mini, baki da baki, ni ne ban riƙe ba.