Farin alawayyon da na samu a adudun matata

Na manta ciniki da yawa a rayuwata, na riba da na faɗuwa, amma abin da na aikata a gidana bayan dawowata daga Kano, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa ya ƙare, ba zai bar raina ba sai an rufe ni. Ko na so mantawa, matata ba za ta bari ba.

A lokacin fatun awaki nake saye. Ina bin kasuwannin Bangi da Galma da Tabotaki da jakuna biyu, in tara in kai Madawa. Ba wanda ya ba ni jari, kuma ina jin kaina ƙwarai. Fata ko an shafe ta da toka don a ɓoye tsagar wuƙa, da na ɗaga ta a rana na gano. Sai na ɗauka ba abin da ke wuce idona a duniya.

A shekarar na ƙudurta kai kayana Kano da kaina, cikin motar kantin wani Bature. Malamin kantin taubashin matata ne, ɗan kawunta, mutum mai tsokana. Ya fito da takarda ya ce sai an yi asiransi, abin da Kanawa ke ce wa inshora. Ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada ya dangwala. Ban tambayi ko mece ce ba, don akwai mutane a wurin, ba na so a ce ni baƙauye ne.

A Kano mai masaukina ya ja ni sinima. Ban taɓa gani ba. Turawa ne ke ta magana a jikin bango, wani tsohon soja kusa da ni yana fassara mini ba tare da na roƙe shi ba.

"Ka ga wannan mai takardar?" in ji shi. "Inshora yake yi. In mijin ya mutu, matar ce za ta karɓi kuɗi."

"Shi mijin ya sani?"

"Ina fa! Ya sa hannu bai karanta ba."

Na duba yatsana. Har a lokacin akwai sauran tawada a gefen farce. Kafin a tashi, matar da mai takardar sun haɗa kai sun kashe bawan Allah. Mutane na ta ihu da tafi, ni kuwa gumi nake yi.

Da na dawo gida matata ta tarbe ni da fura mai sanyi da fara'a. Shekara tara tana yi mini haka, amma ran nan fara'ar ta yi mini yawa, don matar da ke jikin bango ma haka ta riƙa yi wa mijinta. Kwana biyu bayan haka na shiga ɗakinta neman allurar ɗinkin buhu, na ɗaga murfin adudunta. A ƙasan kaya sai ga farin yadin alawayyo sabo ful, an naɗe shi da turare a ciki. Ko yaro ya san likkafani. A shekarun nan kuwa tufa ta yi wuya har mutane na fita da tsumma, alawayyo sai wanda ke da hanya a kanti. Wa ke da hanya a kanti? Taubashinta.

Na haɗa lissafina kamar yadda nake haɗa fatu: ga takarda, ga mai takarda, ga mata, ga likkafani. Gawa kaɗai ta rage, ita ce ni.

Na daina cin abincinta. Na ce azumin nafila nake yi, ni da watan azumi ma da ƙyar nake kaiwa. Da rana in sulale in tafi bayan kasuwa in sayi ɗanwake in ci a tsaye kamar ɓarawo. Rana ta huɗu na kasa daurewa. Da hantsi na kira baffana, ƙanen mahaifina, na ɗauko alawayyon na warware shi a tsakar gida.

"Baffa, tambaye ta. Wanga na wa na?"

Matata na tankaɗe. Ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Ba ta iya hwaɗi," na ce. "Ita da taubashinta sun sa na dangwala ma takardar mutuwata."

Na kwashe labarin sinima na zuba masa. Baffa ya ce, "Kai yanzu hoton bango ka kawo mani shaida?"

Sai muka ji muryar mahaifiyata daga bayan zana. Ni ne ɗanta na fari. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana ido da ido ba. In tana so in san wani abu, sai ta faɗa wa kaji ina ji.

"Ka hwaɗa ma wancan," ta ce wa Baffa, "alawayyon ga nawa na. Na ga an rufe maƙwabciyata cikin tsohon zane, na ce ni ba haka za ni tahi ba. Ni na saida tunkiyata, na aiki ɗiyar mutane, matar tasa, na ce ta rufa mani asiri. Ta rufa. Shi ya tone."

Ban taɓa jin tsakar gida ta yi mini faɗi kamar ran nan ba. Matata ta ajiye rariya, ta naɗe alawayyon a hankali ta kai wa Inna, ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar gidan iyayenta a Tabotaki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da na ɗan samu sauƙi.

Na tafi kanti da sauran ƙarfin halina na tambayi malamin abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ya yi dariya har ya riƙe teburi.

"Mijin taubashiyata, takardar ga ta hwatu ta! In mota ta ƙone ko ta hwaɗa gulbi, a biya ka kayanka. Kai kuwa in ka mutu, ko goro ba a ba kowa."

Ashe a wurin Bature fatar akuya ta fi tawa daraja, ni kuwa na kwana huɗu da yunwa ina gadinta.

Sau uku na je biko. Na farko surukina bai bar ni na sauka daga jaki ba. Na biyu ya ce, "Mi kake so da mai kisan kai?" Na uku sai da Inna da kanta ta hau jaki, da tsufanta, ta je ta roƙa. Don ita matata ta dawo, ta kuma faɗa mini haka a gaban kowa.

Bayan shekara shida aka rufe Inna cikin wannan alawayyon. Matata ce ta fito da shi daga adudu, turarensa bai gushe ba.

Har yau in ta kawo mini fura sai ta kurɓa tukuna, ta miƙo mini ludayin ta ce, "Sha, mai gida, ba yau ba." Jikokinmu na dariya ba su san dalili ba. Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya ɗaya a gaban mutum biyar ce ta jawo mini kunyar da gari duka ya ji. Tun ran nan ba na dangwala yatsa sai an karanta mini, kuma in na ga abin da ban gane ba a gidana, mai shi nake fara tambaya, a cikin ɗaki, murya ƙasa.