Takabar da Ta Wuce Inna Tumba

Har yau in na ji warin gabu a miya, abinci ba ya wuce mini da daɗi. Maigidana ya sha yi mini tsiya, wai ina aka taɓa ganin 'yar ƙasar Aliero tana gudun albasa. Ba albasar nake gudu ba. Warin ne yake mayar da ni Danwarai, bakin murhun kakata Inna Tumba, ita da turminta da tulin ganyen albasa da take dakawa ta dunƙula ta shanya. Da gabun nan ta raini babana, ita kaɗai, babu miji a gida.

Lokacin cirar albasa shi ne lokacin hirarmu. Da an idar da sallar isha'i maza su koma wajen rudu suna gyara albasar da za a ajiye, mu yara mu zagaye Inna Tumba. Ta iza kara a wuta, ta miƙe ƙafa, hannunta bai daina dunƙula gabu ba. Tana da tatsuniyoyi kamar kowace tsohuwa, amma ba su ne abin da take so ba. In ta ce mu yi salati, to mun san labarin Ɗakin Allah za ta ba mu. Ranar da wana ya yi suɓul da baka ya ce “ta zo mu ji ta,” da ludayi ta ƙwale masa kai.

“Wanga ba tatsuniya ba na, ɗan nema,” in ji ta. “Ƙissar Annabawa ta. Ka gyara zama.”

Tun daga Annabi Adamu take farawa. Ta ce wurin Ɗakin nan tun farkon duniya sananne ne, sai ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu ya shafe shi, ya zama tudu kawai a tsakiyar duwatsu. Babu ruwa, babu shuka, ko ƙirya ba ta fitowa. Nan Annabi Ibrahimu, Alaihis Salam, ya kawo matarsa Hajara da jaririnta, ya ajiye musu 'yar jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Hajara ta bi shi tana tambaya wa zai bar su, bai waiwayo ba. Sai ta ce shin Allah ne Ya umurce shi. Ya ce i. Ta ce to ba zai tozarta su ba, ta koma wajen ɗanta.

A nan Inna Tumba kan tsaya, ta dubi wuta. Mu kuma mun san abin da ke tafe.

“Ni ma haka nic ce ma kakanku,” takan ce. “Can bakin tsamiyar hanyar Jega, yana jaye da jaki, ni ina goye da Bawa. Nic ce, Malam, Allah na Ya kira ka? Yac ce Shi na. Nic ce to tahi.”

Kakanmu Malam Garba ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙafa tun babana yana shan nono. Daga ranar ba a ƙara ganinsa ba, babu saƙo, babu labari. Bawa da take faɗa babana ne. Sunansa na yanka Sama'ila, amma ɗan fari ne, kuma Inna Tumba mai alkunya ce ta gaske, ba ta taɓa kiran sunan ba. Har a cikin ƙissar ba ta faɗinsa. Sai dai ta ce “jaririn,” ko “Annabin Allah, ɗan Hajara.” Mu kan yi ta zungurar juna, mu ce, “Inna, wai ya sunan yaron?” Ta ce, “Ku tambayi malaminku, marasa kunya.” Ni kuwa ita ta zaɓa mini sunana, Hajaru.

Sai ta ci gaba. Ruwa ya ƙare, nono ya ƙafe, yaro yana murƙususu. Hajara ta hau dutsen Safa ta duba, babu kowa. Ta gangaro da gudu ta hau Marwa, babu kowa. Sau bakwai. Sai Mala'ika Jibrilu ya bugi ƙasa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ta dinga tare shi da yashi da hannunta. Zamzam ke nan. Matafiya suka hangi tsuntsaye na shawagi, suka ce lallai akwai ruwa, kamar yadda Fulanin Jiga Birni ke gane fadama tun daga nesa. Suka nemi izininta suka sauka, gari ya kafu.

Duk wannan da sauri take wuce shi. Inda take ja, inda muryarta ke yin laushi, shi ne dawowar Annabi Ibrahimu. Ya iske ɗansa ya zama mutum, yana gyaran kibiya kusa da rijiya, suka rungumi juna. Uba yana gini, ɗa yana miƙo dutse. Da bango ya yi tsawo ya hau kan wani dutse, sawunsa ya fito a jiki. Aka kawo Baƙin Dutse aka kafa a kusurwa. Da suka gama aka ce ya kira mutane zuwa Hajji, kuma duk wanda zai je har tashin duniya ya amsa tun yana tsatson ubansa.

“Kakanku ya amsa,” haka take rufewa kullum. “Shi yas sa ƙahwa tai ta kasa zama. Ni ba a yashe ni don banza ba. Don Ɗakin Allah anka bar ni.”

Wannan maganar ita ce dukiyarta, ba ta da wata. Ba ta ma cika sa ran ya dawo ba, lokacin da na yi wayo. Abin da take so ta ji kawai shi ne ya isa, ya ga Ɗakin da idonsa. In ya isa, to zamanta ibada ne.

Kuma ta zauna, wallahi ta zauna. Tana da ƙuruciyarta yayyenta suka zo daga Maiyama, suka ce shari'a ta ba ta dama ta je gaban alƙali a raba auren, tun da miji ya ɓace. Ta ce Hajara ba ta kai ƙara ba. Wani Bafulatani mai shanu daga Jiga Birni, wanda matarsa ta rasu, ya aiko har sau ba adadi, mutumin kirki, kowa ya shaida. Ta ce ita matar aure ce. Mutanen gari kuwa suka yi ta zuba mata albarka. In mace ta yi yaji, sai a ce ta je ta ga Tumba ta koyi haƙuri. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe. Sun mayar da ita abin kwatance, amma ban ji wanda ya taɓa ɗaukar mata kwandon gabu zuwa kasuwar Jega ba.

Ina kusa da gama firamare albasa ta yi wa babana kyau shekara biyu a jere, ya biya kujerar Makka. Ranar da zai tafi mata suna ta saƙon zobe da kallabi. Inna Tumba ta ja shi gefe, ta ce saƙonta biyu ne. Ya sayo mata likkafani ya jiƙa shi da Zamzam, sa'annan ya nemi labarin ubansa wurin mutanenmu da suka daɗe a can.

Ya dawo lafiya. Gida ya cika, ana ta barka, ana ba kowa Zamzam a ɗan ƙaramin kofi da dabino ɗaiɗai. Na lura babana yana dariya da kowa amma ba ya haɗa ido da uwarsa. Ita ma ba ta tambaye shi a gaban mutane ba. Sai da kwana ya ja, baƙi suka ɗauke ƙafa, ya shigo bayan isha'i da ƙullin likkafanin ya ajiye gabanta a bakin murhu. Muna zaune. Ya ce mu tashi, ta ce a bar mu.

“Bawa, bakin da yash sha Zamzam ba shi ƙarya,” ta ce. “Ya isa?”

Babana ya daɗe yana kallon ƙasa. Sa'annan ya ce ya samu wani tsoho mutumin Kimba a wata unguwa ta bayan Harami, wanda suka tashi ayari ɗaya da Malam Garba. Tsohon ya ce sun isa Sudan tare, suka tsaya aikin gonar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa, kamar yadda kowa ke yi. Da lokacin tsallakawa ya yi, Malam Garba ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo ya ce sai baɗi. Ya samu gona, ya yi aure, ya hayayyafa. Bai taɓa tsallake tekun ba. Ya rasu a can, shekaru sun ja.

Inna Tumba ba ta ajiye gabun da ke hannunta ba. Ta ce, “Ɗiya nawa yab bari?”

“Da dama, Inna.”

“Babban mi sunanai?”

Babana ya kau da kai. Ta sake tambaya. Ya faɗa a hankali, kamar mai neman gafara.

“Sama'ila,” ta maimaita. Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinta, kuma ya fito mata a karkace kamar kalmar wani yare. “Sama'ila. Ni ina nan ina ɓoyon suna, ashe shi ya ba wani.”

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mana sauƙi.

Washegari da sassafe ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta, ta ɗauko tsohon zane, ta aika a kira liman. Ta ce tun da mijinta ya rasu za ta shiga takaba, a gaya mata abin da za ta kiyaye. Na gane daga baya abin da take nema. In Hajji ya kuɓuce, aƙalla gari ya ga ta zauna wata huɗu da kwana goma a matsayin matar Malam Garba, a zo a yi mata gaisuwa.

Liman dattijo ne mai tausayi, ya yi ta gyaran murya. Ya ce takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar jin labari ba. Tun da mutumin ya rasu da daɗewa, kwanakin sun wuce ta tuntuni ba ta sani ba. Babu komai a kanta. Ya faɗa ne kamar yana yi mata albishir, bawan Allah.

“Ta wuce ni?” ta ce.

“Ta wuce, Tumba. Allah Ya sauwaƙe miki.”

“To,” ta ce. “Ko wagga ma ba a bar min ba.”

Ta mayar da 'yan kunnenta, ta ɗauki taɓarya. Ranar har azahar ana jin dakanta.

Mun zaci hira ta mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ta iza wuta ta ce mu yi salati. Ta ba mu ƙissar daga farko, amma wannan karon a kan gudun Hajara ta tsaya. Ta hau da ita Safa, ta sauko da ita, ta sa mun ji tsakuwa a tafin ƙafa da kukan jariri a baya. Da ruwa ya fito sai Inna Tumba ta fara kwashe gabunta. Wana ya ce, “Inna, saura dawowa da ginin.”

“Annabi Ibrahimu Allah na Ya aike shi, shi yas sa yad dawo,” ta ce. “Kada ku haɗa shi da kowa. Ni nih haɗa.” Ta juyo kaina. “Ke mai suna, ki riƙe wanga. Ita da ruwa yaƙ ƙare ba ta tsaya kallon hanya ba. Tashi tay yi tay yi gudu. Ni zama niy yi, anka ce min mai haƙuri, nij ji daɗi.”

Ba ta ƙara kai mu wurin ginin ba har ta koma ga Allah, damina biyu bayan nan. A likkafanin Zamzam aka sa ta. Shi kaɗai ne saƙon da ya iso mata yadda ta aika.

Sai da na yi aure a Jega, ina zuwa Islamiyyar matan aure, na ji malama tana karanta ƙissar a littafi. A nan na ji cewa lokacin da Annabi Ibrahimu ya zo aikin ginin, Hajara ta riga ta rasu. Ba ta ga Ɗakin a tsaye ba. Na fita waje na zauna bakin famfo. Ban sani ba ko Inna Tumba ta san haka ta ɓoye mana, ko ita ma ɓoye mata aka yi.

Bara Allah Ya kai ni. Tsakanin Safa da Marwa yanzu daɓen marmara ne mai sanyi, ga fanka, ga ruwa ko'ina. Na dubi taron nan, sarakuna da malamai da masu kuɗi, kowa yana bin sawun mace ɗaya da aka bari da goyo ta ƙi zama. Na tuna wata da aka bari da goyo a bakin tsamiyar hanyar Jega, wadda ko kabarinta yanzu sai an nuna. Na yi tafiyar nan bakwai ina hawaye, wata Baturkiya tana ta dafa mini kafaɗa, ta zaci daɗi ne ya yi mini yawa.

Da na tsaya gaban Ɗakin na ɗaga hannu, na roƙa wa Inna Tumba duk abin da na iya. Na roƙa wa babana, wanda ya yi noma tun bai kai tsawon fartanya ba. Na san malamai sun ce a yafe, kuma na buɗe baki da niyyar in sa Malam Garba a ciki, Allah Ya sani. Sunan ya ƙi fitowa. Na shafa addu'ata na matsa wa na baya. Yana da wani Sama'ila a Sudan, shi ya roƙa masa.