Anti Waya da Alluna Arba'in

A ma'aikatar, kowa Anti Waya yake kiranta, domin ranar da ta kama aiki an gan ta durƙushe ƙarƙashin tebur da ƙullin wayoyi a wuya, sunan kuwa ya bi ta shekara goma sha tara. Kwamfuta ɗaya ce tak a ginin, wata ƙatuwa irin wadda ake kira Yuniks, a ɗaki mara taga mai sanyin shiga ƙashi. Daga ita aka ja wayoyi zuwa alluna arba'in masu madannai a hawa huɗu. Kowane ma'aikaci yakan zauna gaban nasa, ya buga sunansa da kalmar sirri ya shiga.

Sai dai allunan ba 'yan gida ɗaya ba ne. Tsince-tsince aka saye su, iri biyar, kowanne da yaren da yake ji. Da mutum ya shiga sai kwamfuta ta tambaye shi wane irin allo ne a gabansa. In ya amsa ba daidai ba haruffa su watse kamar an zubar da tsaba, sai a ɗaga waya: "Anti, allona ya sake haukacewa." Hawa bene sau ashirin a yini ba komai ba ne a wurinta.

Ba ta taɓa gunaguni ba sai da mijinta, direban babbar mota, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce a riƙa juya shi akai-akai, in ba haka ba bayansa zai yi gyambo. 'Yarsu tilo tana aure a nesa. Ƙanwarsa takan wuni da shi, amma ba ta iya ɗaga shi, don mutum ne mai jiki. Dole Anti ta riƙa leƙawa gida da tsakar rana, ga waya ba ta barinta ta motsa.

Sati uku ta yi tana rubuta wani ɗan tsarin umarni na kwamfuta mai layi sittin. Maimakon a tambayi mutum, da zarar ya shiga kwamfuta za ta aika wa allon da wata alama, allon ya faɗi irinsa da kansa, kwamfutar kuma ta daidaita. Wani tsohon allo a ɗakin fayil ba ya amsawa sam, sai ta sa a jira shi daƙiƙa uku, in aka ji shiru to shi ne. Ranar da ta kunna tsarin wayar ofishinta ba ta yi ƙara ba har aka tashi. Ta je gida ta juya mijinta, ta shafa masa mai, ta dawo ba wanda ya san ta fita.

Wata bakwai ana haka aka kawo sabon manaja da umarnin rage ma'aikata. Ya kira ta, littafin ƙorafi a buɗe gabansa.

"Malama, wata bakwai ba wanda ya nemi ki. Me kike yi a nan?"

"Ranka ya daɗe, rashin neman nawa shi ne aikin."

"To ai aikin ya iya kansa ke nan."

Ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga ya riga ya jawo takardar sallama. Mai buga takardu ta hawa na uku, wadda ta fi kowa damunta da kira a da, ita kaɗai ta riƙe mata kwali zuwa bakin ƙofa.

A gida ta gaya wa mijin. Ya dube ta, hannunsa mai lafiya ya damƙi zanen gado, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ai kin daɓa wa cikinki wuƙa."

"Duba bayansa," in ji Anti. "Kin ga gyambo?"

Bayan shekara aka sayo sababbin alluna, tsarin bai gane su ba, haruffa suka koma watsewa. Mai buga takardu ta kira ta a ɓoye da wayarta. Anti tana ba mijinta abinci, cokali a hannu, ta karanto mata da ka layi biyu da za a ƙara wa tsarin, harafi bayan harafi. Aka gyara. Manaja ya yaba wa kamfanin da ya kawo allunan.

Mijin ya rasu a shekara ta uku da kwanciyarsa. Yanzu Anti tana zaune a shagon ɗaukar hoton takardu na mijin 'yarta, a bakin wata tasha. Idanunta sun yi rauni, har sai ta roƙi mai takarda ya karanta mata lambar da injin ya nuna kafin ta danna.